Turaren Inna da Hayaƙin Ɗan Haya

A shekarar da aka yi fari, lokacin mulkin soja, Baba ya ba wani tsohon direba hayar ɗakin da ke jikin zaurenmu. Mota ce ta kife da shi a hanyar Dabaga, aka yanke masa ƙafa. Baba da kansa ya sare dokin ƙofar don kada ya yi tuntuɓe. Ashe bawan Allah wiwi yake sha bayan la'asar, wai ƙafar da babu ita ke masa zogi, maganin likita ya kasa.

Baba ya rantse in ya sake jin warin, sai ya fitar masa da kaya, don jandarma har mai gida suke kwashewa.

Inna ta ce, "Malam, mai ƙafa ɗaya ina za shi?"

Daga ranar, direba na ƙyasta ashana sai Inna ta cika kasko da turaren wuta, irin wanda mace ke yi wa mijinta. Baba ya ɗauka kiransa ake yi. Ya shiga dawowa daga kasuwa da wuri, yana gyara rawani.

Direba ya shekara shida a ɗakin. A shekarar farin nan da ko akuya ba ta haihu ba a unguwarmu, aka haifi ƙanena, albarkacin turaren Inna.