Layi Biyu da Mama Nkeci Ta Yanke

Samaru, shida saura kwata

Ina idar da sallar asuba na fito da takarda a jaka. Kwana biyu ina buga ta a tafiretan ofis. Koke ne zuwa ga masu gyaran tsarin mulki: duk jihar da aka haifi mutum ta ɗauke shi nata, in ta ƙi, gwamnatin tarayya ta tilasta mata. Saboda Ngozi na rubuta. Ajinmu ɗaya a sakandare, a Zariya aka binne cibiyarta, amma an hana ta gurbin karatun nas, wai ba 'yar jiha ba ce. A Gabas kuwa ba wanda ya san ta. In wasiƙar ba ta bi motar gidan waya ta ranar ba, sai an rufe karɓa za ta isa Legas.

Kwangila, shida da rabi

Bas kwabo goma, kujera kamar dutse. Soja ya tsare mu, ya jujjuya takardata.

"Ke ce za ki gyara ƙasar?"

"To ku kun gama ne?"

"Baiwar Allah, rufa mana asiri," in ji direba. Sojan ya yi dariya, ya miƙo min.

Sabon Gari, bakwai da kwata

Mata tara na tarar a shagon ɗinkin Mama Nkeci, mahaifiyar Ngozi. Aka ba ni koko da ƙosai. Na karanta, kowa ta ce haka ne. Na miƙa biro, ba wadda ta karɓa, har wajen sha ɗaya ina fama.

"Haba Mama! Sha biyu motar wasiƙa ke tashi. Don 'yarki fa nake wannan wahala!"

Ta ɗora yatsa a shafin sa hannu. Layi uku na ja: suna, lambar gida, jihar asali.

"Hajara 'yata, shekarar rikicin nan da muka gudu, wani ya zo da irin wannan, wai ƙidaya. Baban Ngozi da hannunsa ya rubuta lambar gidanmu."

Na san bai kai tashar jirgi da ransa ba. Ni mai koken a daina tambayar mutum asalinsa, ni na buga tambayar, har da ja mata layi.

"In koma Samaru in sake bugawa?"

"Mil takwas? Kawo nan, mai gaggawa."

Ta ɗauki almakashin ɗinki, ta yanke layi biyu na ƙarshe daga sama har ƙasa, ta fara sa hannu. Sauran suka bi.

Gidan waya, sha biyu saura ashirin

Da gudu muka shiga, ni da Ngozi. Ngozi ta lashi kan sarki, ni na jefa.

Gida

La'asar ta yi min a Samaru. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Mama. Guntun da ta yanke ta cusa min a jaka, ta ce in riƙe. Yana nan ƙarƙashin tafireta.