Ni da Ɗanladi a Layin Biza

Unguwar Mu'azu

Ana kiran assalatu na fito daga gida, da jaka a hannu, fasfo kuma a aljihun 'yar ciki. Shekarar da soja suka koma bariki ce, ko'ina ka zauna ana cewa Turawa sun huce da mu, ƙofa ta buɗe. Abin da ya fito da ni biza ce ta sati biyu, zuwa baje kolin injunan burodi a wata ƙasa ta Turai. Ba zan kama sunanta ba, don har yau in aka ambace ta a rediyo canza tasha nake yi.

Gidan burodi gare ni, na gada wurin mahaifina. Dillalin da ke kawo mana yis da bota shi ya samo takardar gayyata guda biyu. Ya ba ni ɗaya, wannan daidai ne. Ɗayar kuma, da ya duba duk faɗin Kaduna bai ga kowa ba, sai ya ba Ɗanladi.

Ɗanladi yarona ne a da. Mutumin kudancin jiha ne, ya zo mini da silifas wari da wari, ni na koya masa kwaɓa, na koya masa gane zafin tanderu da bayan hannu. Mun rabu lafiya, ya je Gonin Gora ya buɗe nasa: tanderu ɗaya tak, amma allon da ya kafa ya fi ƙofar shagon faɗi. Ga inda gizo ke saƙa: masu shayi da masu tallar bakin titin Abuja sun fara neman burodi mai laushi, kuma duk wanda ya riga kawo tanderun gas cikinmu, shi zai kwashe su. Na sani, ya sani, ba mu taɓa furta wa juna ba.

Gonin Gora

A tasha na samu Fijo doguwa mai zuwa Suleja, na biya kujera biyu a tsakiya, na ce wa direba za mu ɗauki mutum a Gonin Gora. Gari bai gama wayewa ba muka iso. Sai ga Ɗanladi tsaye bakin titi cikin kwat da laktaye, takalmi na ƙyalli, ya rungume wani ƙaton albom na hotuna. Matarsa, Maman Rahila, na riƙe masa da jaka.

Direba na ganinsa ya fito da gudu ya buɗe ƙofar gaba, ya roƙi saurayin da ke zaune can ya dawo kusa da ni. A zatonsa sabon kansila ne, don a lokacin kowane mai kwat Honorabul ne. Ɗanladi bai gyara masa ba. Ya dai leƙo ya ce, "Maigida, ina kwana? Ko ka dawo gaba?" Na ce ya yi zamansa. Ni da na biya kuɗin motar, ni ne a matse tsakanin saurayi da buhun albasa, ina kallon ƙeyar yarona.

Albom ɗin nan kuwa ba mu bar garin ba sai da ya zagaye motar. Ga Ɗanladi gaban tanderunsa, ga shi da ma'aikatansa an sa musu farar hula, ga shi da iyali a ƙofar coci, ga shi jingine da babur ɗin kai kaya. Tun sati guda kafin nan ya ce mini in kira mai hoto ya ɗauki gidan burodina. Na ce masa ni ba na kai dukiyata gaban idon mutane.

Kakau

Muna wuce Kakau wani dattijo a baya ya nuna wata gonar masara da ta yi baƙi ƙirin don kyau, ya ce mai wannan gona ya gama da talauci. Ɗanladi ya juyo da baki buɗe, na yi masa tari mai ƙarfi, ya haɗiye maganarsa. Na ce wa dattijon ta wani bawan Allah ce. Gonata ce.

Haka aka rene mu. Mahaifina bai taɓa ƙirga 'ya'yansa a gaban baƙo ba, bai taɓa cewa ciniki ya yi kyau ba ko da ranar da aka sayar da komai har ɓawon tire. In an tambaye shi kasuwa sai ya ce ana lallaɓawa. Yakan ce baki ya fi gobara saurin cinye gida, kuma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A kan wannan na tashi, kuma ban taɓa ganin asararsa ba sai a wannan tafiya.

Shingayen hanya suna nan inda soja suka bar su, kaki ne kawai ya sake launi. A na Kateri ɗan sanda ya leƙo, ya ga kwat, ya sara wa Ɗanladi, ya ɗaga mana hannu ba tare da direba ya miƙa komai ba. Direba ya yi ta sa masa albarka har Jere.

Tafa

Hantsi ya ɗaga muka tsaya cin abinci a Tafa. Na ci doya da miyar ja a wata rumfa, doyar ta dahu amma naman sai ka roƙe shi. Na sa hannu aljihu ke nan Ɗanladi ya riga ni, ya ce wa mai abinci da ƙarfi ta haɗa da na maigidansa. Mutanen rumfar suka dube shi da sha'awa, suka ce ɗan halak ne. Ni kuwa doyar nan a maƙogwaro ta tsaya mini har Suleja.

Suleja

Mun sauka gidan Malam Habu, ƙanin matata Hajiya Rabi, don kwana a Abuja sai mai ƙashin arziki. An ba mu ɗakin zaure, katifa ɗaya da tabarma. Ɗanladi ya bar mini katifar, wannan kam ya kyauta. Da yamma aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, yaran gidan suka yanyame albom, Malam Habu da kansa ya sa tabarau yana tambayar wannan wa ne, wancan wa ne. Ni kuwa surukinsu da na zo daga Kaduna da ledar burodi, ba wanda ya tambaye ni ko na sha hanya sai sau ɗaya.

Bayan an watse Ɗanladi ya matso ya ce in bar shi ya yi mini gwajin tambayoyin gobe, shi ne Bature ni ne mai nema. Ya ce mutanen nan abu ɗaya suke so su ji, wato kana da abin da zai dawo da kai gida, saboda haka duk abin da Allah ya ba ni in faɗe shi da babbar murya.

Na ce, "Ɗanladi, na je Makka sau biyu ba wanda ya yi mini gwaji."

Ya ce, "Maigida, Makka daban ne. Can Allah ya san abin da kake da shi. Waɗannan sai ka gaya musu."

Na juya masa baya na ja mayafi.

Abuja

Muna idar da sallar asuba muka hau bas zuwa Abuja, daga nan tasi zuwa ofishin jakadancin. Mun tarar da layi ya riga ya yi kwana. Masu cika fom da masu hoton gaggawa sun kafa tebura ƙarƙashin bishiya, mai shayi na sayar da wani burodi da na matsa na ji kunya a madadin wanda ya gasa shi. Sai da rana ta fara cizo aka shigar da mu, bayan an lalube mu har hula.

Ciki ɗaki ne mai sanyi, benci jere, a gaba kuma tagogi uku na gilashi. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne kowace taga da lasifika. Abin da Bature ya tambaya da abin da ka amsa, duk mai zaune a benci yana ji. Ina waigawa kuma sai na yi ido huɗu da wani dillalin fulawa na Tudun Wada, mutumin da in ya ji magana da safe, kafin azahar ta zagaye gari ta kai Kawo. Ya ɗaga mini hannu yana murmushi.

Ɗanladi aka fara kira. Wata Baturiya ce mai gajeren gashi. Ya gyara laktaye ya shiga zuba Turanci, rabi na makaranta rabi na bakin titin Kakuri. Ya faɗi tanderunsa, ya faɗi ma'aikatansa, ya faɗi 'ya'yansa da ajin kowanne, ya faɗi filin da ya saya bai gina ba, har babur bai bari ba. Ya manna hotuna jikin gilashi ɗaya bayan ɗaya har matar ta yi dariya. Na kasa kunne ina jiran ƙarya ɗaya da zan riƙe a zuciyata in ji sanyi. Abin haushin, bai yi ko ɗaya ba. Ɗan abin da yake da shi ne ya faɗa kamar mai shelar sarki. Ta karɓi fasfonsa ta ce ya dawo da la'asar.

Ni ma tagarta na faɗa. Na nemi tafinta, aka kawo wata yarinya Bahaushiya mai lulluɓi, sa'ar 'yata ta biyu. Baturiya ta tambayi yadda kasuwa take. Na ji ɗakin ya yi tsit, na ji idon dillalin fulawa a bayan wuyana. Na ce ana lallaɓawa. Ta tambayi ma'aikata nawa gare ni, na ce akwai 'yan yara da ke taimakawa. Gida fa, nawa ne ko haya? Na ce wurin sa haƙarƙari dai bai gagara ba. 'Ya'ya nawa? Na ce Alhamdu lillahi.

Yarinyar ta fassara, sannan ta rage murya ta ce, "Baba, don Allah ka buɗe mata. So take ta san abin da zai dawo da kai."

Wallahi na so in faɗa. Tanderu uku, gida biyu, gona, motar kai kaya, duk suna kan harshena. Na buɗe baki, lasifikar ta yi ƙara, na tuna kunnuwan da ke bayana.

Na ce, "Ki ce mata Allah ne zai dawo da ni."

Ta dube ni, ta faɗa mata. Baturiyar ta ɗan jujjuya takarduna ba tare da ta karanta ba, ta buga hatimi a shafin ƙarshe na fasfona, ta turo mini shi ta ƙarƙashin gilashi da wata farar takarda. Tafinta ta ce ba ta gamsu ina da abin da zan koma wa ba, amma ina iya sake nema nan gaba. Baje kolin kuwa saura sati uku.

Na yi zaman jiran la'asar a gindin bishiya, riƙe da kwat ɗin Ɗanladi don zafi ya dame shi. Da lokaci ya yi ya shiga karɓar fasfo, ya fito yana ƙoƙarin ɓoye murna, fuskarsa ta ƙi ba shi haɗin kai. Na ce ya nuna mini. Wata 'yar takarda ce mai sheƙi manne a shafi, ba ta kai tafin hannu ba. Na yi masa barka, na kuma ji a raina da iska za ta fizge fasfon nan ta jefa kwata, da ba ni zan fara bin sa ba. Na yi istigfari, amma na ji.

Komowa

A Zuba muka samu bas mai zuwa Kaduna. Wannan karon kujera ɗaya muka zauna, albom na cikin jaka, Ɗanladi bai ce uffan ba har Kateri. Da ya yi ta surutunsa da na samu abin jin haushi. Shirun tausayin nan shi ya fi ci mini rai.

An yi sallar magariba muka iso Gonin Gora. Masu talla suka rufe motar da burodi, rabi nasa rabi nawa. Ya sauka, sai ya zagayo tagar da nake ya riƙe ƙarfen.

Ya ce, "Maigida, ina da roƙo. In na tafi, yaran nan ba su gama sanin wuta ba. Sati biyu in burodi ya lalace, masu shayi za su gudu. Ba wanda na yarda da shi sai kai."

Direba na ta danna ham. Na dubi mutumin nan da zai je ya ɗauko abin da zai kwashe mini ciniki, yana roƙona in riƙe masa nasa kafin ya dawo. Da wani ne sai in ce dabara ce. Ɗanladi ne, har zuciyarsa yake nufi.

Na ce, "Allah ya kai mu."

Na shiga gida ana kiran lisha. Hajiya Rabi ta karɓi jaka, ta dubi fuskata, ta kai mini ruwan wanka.

Ya tafi ranar da aka sa. Sati biyun nan kullum da asuba ina Gonin Gora, ina sa bayan hannuna a bakin tanderunsa, ina yi wa yaransa faɗa a kan gishiri. Ko burodi ɗaya bai ƙone ba, ko mai shayi ɗaya bai gudu ba, har sababbi biyu suka ƙaru, kuma ɗaya daga cikinsu nawa ne.

Na gode wa Malam Habu da iyalinsa da suka sauke mu, na gode wa yarinyar nan tafinta da ta so ta cece ni na ƙi. Na gode wa Allah da ya kai ni lafiya ya dawo da ni lafiya, kamar yadda na gaya wa Baturiya zai yi. Godiya a kan rabon Ɗanladi kuwa, ina nan ina koyonta, har yau ban iya ba.