Sarautar Babana Daga Hantsi Zuwa La'asar

Har gobe, in rediyo ya bar magana ya shiga kiɗan soja, sai in ji cikina ya yi ƙugi. Ba tsoro ba ne, yunwa ce. Shekarar da na fara jin wannan kiɗa sojoji suka karɓi mulki a Yamai, mu kuwa a ƙauyenmu na bayan Matameye gero ya daina fid da kai. Kada ka tambaye ni wace shekara ce, mai karatu. Lakwal ɗina, wato karatun boko, bai yi nisa ba, rabinsa ma a bisa tsamiya na yi shi.

Kakana ne mai gari. Da abu ya tsananta sai ya ja rabin mutane zuwa wajen Daura neman abinci, can ciwo ya kwantar da shi. Kafin ya cika ya kwance rawaninsa ya ba wani mai raƙumi, ya ce a kai wa ƙaramin ɗansa, wato babana. Baffa, babban ɗa, wanda ya yi furfura yana riƙe wa tsoho sanda, ya ce mai raƙumi ɓatan ƙofa ya yi. Gari ya rabu biyu, har a sahun salla.

Babana tsohon soja ne, mai muƙamin ajidan. Ya yi wa Faransa yaƙi a ƙasashen da ba ya son kiran sunansu, daga baya ya yi gadin manyan gwamnatin da aka kifar. Ya dawo gida da ɗingishi, da akwatin ƙarfe, da son doki wanda ya fi ƙarfin aljihunsa. Mu 'ya'yansa ko wanke hannu a jere muke yi, sai an ba da umarni.

To, rigimar ba ta rawani ba ce, ta rumbu ce. A tsakiyar gari akwai rumbun iri, inda kowane gida ke ajiye damin shukarsa. A al'adarmu, in mai gari ya liƙe bakinsa da laka ya danna tafin hannunsa, ba mai fasawa sai ruwan shuka ya sauka, ko da wani ya gaji rawanin. Kaka ya tafi a gaggauce bai liƙe ba. Murfin ciyawa kawai ke tsaron rumbun, sai kunyar juna. Baffa ya yi alkawari in ya hau zai buɗe a ci. Ba mugu ba ne. A watan nan ya binne jikarsa.

Ana cikin haka sai ga saƙo daga kaftin ɗin da ke rabon dawar agaji: garin da ya naɗa yaron tsohuwar gwamnati, motar hatsi ba ta san hanyarsa ba. Kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Babana ya ce a naɗa shi da hantsi.

Inna ta ce, "Maigida, rawani za mu dafa?"

Ya ce, "Ki ajiye mini ruwa tulu ɗaya."

Liman ya naɗa shi. Maimakon ya zauna a zo gaisuwa, sai ya naɗe wando ya shiga kwaɓa ƙasa da ruwan shanmu. Ya hau tsani da gurguwar ƙafarsa, jelar rawani tana jan laka. Mata suna Allah ya isa, maza suna kallon ƙasa.

Baffa ya daka tsawa, "Kai soja, sauko! Mutane na mutuwa kana gini?"

"Yaya, in mun cinye wannan, ko sabon wata ba zai kai mu ba. In ruwa ya zo, tsakuwa za mu shuka?"

Babana ya liƙe bakin rumbun, ya danna hannunsa ya sauko. Bayan la'asar ya warware rawanin, da lakarsa da komai, ya miƙa wa Baffa a gaban liman. "Ga kayanka, Yaya. Aika wa kaftin ya turo mota."

Baffa ya karɓi rawanin, ya ce, "Sai da ka ɗaure ni sannan ka naɗa ni."

Ni kuwa tun da hantsi na sa sa'o'ina suna zube mini, tunda ɗan sarki nake. Kafin magariba sun karɓi gaisuwarsu da duka.

Mota ta zo da jar dawa mai tauri, wadda tuwonta ke kwana a ƙirji. Ba ta ishe mu ba. An ci gaba da kai gawa, aka daina amsa sallamar babana. Dokinsa ya mutu a turke yana kallon rumbu. Shi kuwa kullum yana zaune a gindin rumbun da sandarsa, ba wanda ya sa shi. Ranar da ruwa ya sauka Baffa da kansa ya fasa lakar. Muka yi shuka, maƙwabtanmu suna yawon roƙon iri a ƙwarya. Ba wanda ya zo ya ce wa babana sannu, shi ma bai zauna jira ba, yana gona.

Yau inda rumbun yake shagon cajin waya ne, iri kuma a leda ake sayo shi in hadari ya haɗu. Nawa damin irin yana rataye a ɗakina. Bara jikana ya zo da zaƙin baki, wai in ranta masa ya yi furar suna, zai mayar kafin damina. Na ce ya je ya zo da ruwan sama, sai mu yi magana.