Littafin da na saya da muryar Baba

Shekarar da muka gudo Gombe daga Borno ban fito da ko takarda ɗaya ba. Kawuna ya ba mu ɗaki a unguwar Shamaki, ya yi ta faɗi-tashi har aka karɓe ni in ƙarasa karatun ungozoma. Jarrabawa saura mako shida, ni kuwa ba littafi. In na faɗi, shi ke nan, ba mai sake biya mini.

Na je kanti na taya littafin da ake koyar da mu da shi. Kuɗinsa kuɗin buhun masara ne, ga mu mu tara a gida. Na ajiye shi a hankali kamar ƙwai, na fito ina tsine wa wanda ya buga shi a raina. Wata 'yar ajinmu ta ce in daina wahalar da kaina, masu tura fina-finai a waya suna da shi, kuɗin acaba ma ya fi shi tsada.

Mai turin ya duba wayata ya ce memori ya cika. Bidiyon bikin yayana ne ya cinye shi, kuma nan kaɗai fuskar Baba da muryarsa suka rage mana. Ko kabarinsa ba mu sani ba.

"Malama, ki bar shi a kwamfutata," in ji shi. "Ranar da kika sayi wani memorin sai in mayar miki."

Na yarda, don ba ni da yadda zan yi.

Haka na yi ta karatu a gilashin wayar da bai kai tafin hannuna ba, idanuna na ruwa, caji na ƙarewa a tsakiyar shafi. Kullum sai na leƙa shagon in ga ko yana buɗe, har mai turin ya fara yi mini dariya.

Ranar da na gama jarrabawa na sayar da 'yan kunnena, na sayi memori, na nufi wurinsa. Ya ƙi haɗa ido da ni. Ya ce tun da bam ya tashi a satin nan ake bin shagunan turi ana binciken kwamfutoci.

"A bidiyon naki akwai wani dattijo mai gemu, yana ɗaga hannu yana magana da Barbarci. Ban san me yake cewa ba. Ina da iyali, Malama. Wallahi tsoro ne ya sa na goge."

Na zube a bakin shagon ina kuka, ina ta maimaita masa kamar zai amfane ni da wani abu:

"Cewa yake a ƙara wa baƙi abinci! Cewa yake na zaure ba su samu ba!"