Dutsen da Baffa Ya Dafa

Yatsuna biyu na hannun hagu suna can cikin wani tsohon ramin dalma a ƙasar Binuwai, kuma ban taɓa jin haushin ramin ba. Abin da ya tsaya mini a wuya kalma ɗaya ce da ƙanen mahaifina ya faɗa a rumfarsa ta kasuwar Adawlato, a Lome.

A Zongon Lome aka haife ni, tun kafin a tashe mu daga tsakiyar gari. Da mahaifina ya rasu, rumfarsa ta koma hannun ƙanensa, wanda nake kira Baffa, ni ma na koma hannunsa tare da ita. Tsofaffin tsakiyoyi muke sayarwa, da murjani, da tozali. Ni ne na yi lakwal, wato makarantar boko ta Faransanci, don haka in Bature ya tsaya ni ne tafinta. Faransancin Baffa bai wuce gaisuwa ba. Kowane Bature “Mushe” yake ce masa a maimakon “Monsieur”, yana murmushi, shi kuma Baturen yana jin daɗi an girmama shi. Zamanin jam'iyya ɗaya ne, kowa a garin ya iya kama bakinsa, ni kuwa tun a gida na koya.

Sayen tozali ne yake kai ni Najeriya. A bakin ramukan da ake haƙo shi na ga wani dutse da masu haƙa suke zubarwa, launin shunayya, mai kusurwa huɗu kamar ƙwayar sukari. Na jefa ƙarami a aljihu don sha'awa kawai. Wani Bature, malamin makaranta a Lome, ya gan shi a kan teburinmu ya kusa zama a ƙasa. Ya ce sunansa fulorin, kuma yana son babba, wanda yake manne da uwar dutsensa, ba a karya masa baki ko ɗaya ba.

Na koma na shiga ramin da kaina, don masu haƙa ba su da haƙurin wannan aiki. Da igiya ake sauka, sannan a yi rarrafe, tocila ɗaure a goshi da roba, ruwa yana ɗiga a ƙeya. Kwana tara ina shiga da hantsi ina fitowa da la'asar. Can ciki na sami wani kogo da bai fi bakin tulu ba, na haska, sai ga duwatsun jere, shunayya da ɗan kore a gindinsu. Ba a dukan wannan dutse, yana da saurin fushi. Nesa da shi ake sa doguwar ƙusa, a riƙa taɓawa da guduma a hankali har uwar ta saki. Ranar da ta saki, ta taho da wani falalen dutse daga sama, ya sauka a hannuna. Na fito da dutsen a ƙirjina cikin riga, ko ƙwarzane bai yi ba. Yatsun ne ban fito da su ba.

Wata guda bayan haka na ajiye shi a gaban Baffa, naɗe da auduga. Girmansa ya kai kan jariri. Aka aika wa Bature ya zo. Ya daɗe yana kallo bai taɓa ba, sannan ya tambayi wanda ya ciro shi. Kafin in buɗe baki Baffa ya daki ƙirjinsa.

“Faɗa mishi ni na shiga da kaina. Kwana tara.”

Na faɗa. Ƙane ba ya ƙaryata wa, balle ɗa ya ƙaryata uba a gaban baƙo. Baturen ya dubi hannuna da ke ɗaure da tsumma, ya nuna ni yana tambaya. Wannan karon Baffa bai nemi tafinta ba. Ya ɗaga hannu ya ce da Faransancinsa, “Mon boyi.”

Boyi! Ɗan wansa, ciki ɗaya, shekarata talatin da iyalina, a rumfar ubana. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, wannan na saba da shi. Amma boyi ban saba ba, kuma a tsayen nan na ƙudurta sai ya janye kalmar nan da bakin da ya faɗe ta.

Allah bai sa na jira ba. Baturen ya ce zai dawo Asabar da akwatin da ya dace, ya kuma ɗaga yatsa ya ja kunne: kada a wanke, kada ruwan zafi ya taɓa shi, zafi yana fasa shi. Baffa ya juyo.

“Ya ce mene?”

“Ya ce sai Asabar, Baffa.”

“Duk dogon maganan nan?”

“Haka Turawa suke.”

Na san Baffa kamar yunwar cikina. Ba ya miƙa wa mai saye kaya da datti. Kowace tsohuwar tsakiya sai ya tafasa ta a ruwan kanwa, ya tsame ya jefa a ruwan sanyi, ya shafe da man kaɗe har ta yi ƙyalli. Haka ubansa ya yi, haka ubana ya yi, kuma tsakiya ba ta taɓa ba su kunya ba. Dutsena kuwa yana da jar laka a kwarmin kusurwoyinsa, kuma na ga yadda idon Baffa yake komawa kanta.

Ranar Juma'a da safe ya sa aka ɗora tukunya a tsakar gida. Ni na kawo masa gawayi. Na zauna a kan turmi ina kallo yana saka dutsen cikin ruwan da ke tafasa, yana bismillah. Zuciyata ta ce in yi magana, har na ji maganar a harshena, na haɗiye ta. Ƙara ta farko ƙarama ce, tas. Da ya tsamo ya tsoma a bokitin ruwan sanyi sai sauran ƙarar suka biyo juna. Ya ɗago shi, kusurwoyin suna zubewa a tafin hannunsa, cikin dutsen ya yi fari fat da tsaga. Ya dube ni, na dubi ƙasa kamar yadda aka koya mini.

Ba zan yi ƙarya ba, na yi kuka a bayan gida. Na fi kowa son dutsen nan. Amma da na wanke fuskata na ji wani sanyi a raina da ban ji ba tun rasuwar mahaifina.

Asabar Bature ya zo da akwatinsa. Ya ga abin da ya rage, ya zauna a benci ya riƙe kai. Da ya huce sai ya ce ba komai, tunda Baffa ya san ramin, su tafi tare a hutun makaranta, da motarsa. Ya fito da takarda ya fara tambaya. Wane gari ake sauka? Zurfin ramin gaba nawa? In an sauka, dama ake yi ko hagu? Ban taɓa yin tafinta mai kyau irin na ranar ba. Kowace tambaya na juya ta tsaf, da ƙarfi, yadda masu rumfunan gefe da matan ƙabilar Mina masu atamfa za su ji. Suka matso. Baffa ya ce dama, ya ce hagu, ya ce ya manta. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle ga mutumin da ko rijiya bai taɓa leƙawa ba sai da ya riƙe bango. Zufa ta jiƙa masa hula.

Ya sunkuyo ya ce a hankali, “Faɗa mishi kai ne ka shiga.”

“Boyi ba ya sa baki a maganar manya, Baffa. Ka faɗa mishi da kanka.”

Ya kalle ni. Sannan ya kama hannuna na hagu, ya ɗaga shi a gaban Baturen da duk wanda ke wurin, ya haɗa 'yan kalmomin da ya sani, ya ce shi ne, ɗana ne. Ya maimaita da Hausa don maƙwabta: “Ɗan wana ne. Shi ya shiga.”

Ba mu je da Baturen ba. Damina ta cika ramin da ruwa, aka bar shi. Na shiga wasu ramuka bayan haka, na ciro duwatsu masu kyau, amma ko ɗaya bai kama ƙafar wancan ba. Ni da Baffa muka ci gaba da zama a rumfa ɗaya, muna cin abinci a kwano ɗaya, bai taɓa tayar da maganar ba.

Sai da ya kwanta ciwon ajali, ina gyara masa matashi wata rana da azahar, ya riƙe mini riga.

“Baturen nan ya ce kada a sa ruwan zafi, ko?”

“Ya ce, Baffa.”

“Ka ji shi?”

“Na ji shi sarai.”

Ya jira in roƙe shi ya yafe mini. Na gyara matashin, na tambaye shi ko zai sha koko.