Ɗan Wasan da Na Sa Ɗan Farina Ya Sallama

Shekara ashirin da huɗu ɗan farina ya yi a duniya, ban taɓa kiran sunansa ba. In zan yi masa magana sai in ce "kai", in zan yi zancensa da mahaifiyarsa sai in ce "yaron nan". Haka muka taso muka tarar a ƙauyenmu da ke gabas da Ɗanbatta: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a zama hira da shi. Kunya ce ta iyaye da kakanni, ni kuwa na riƙe ta da hannu biyu, har ana ba da misali da ni. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma.

Da ciwon sikila aka haife shi. In damina ta sauka, ni da ƙannensa mu saɓi fartanya mu yi gona, shi a bar shi a zaure da bargo. Kai gare shi, wannan ko maƙiyi ya sani. Ya tafi Bici karatun koyarwa, ya yi shekara biyu, ciwo ya matsa masa ya dawo gida da akwatin littattafai da wata waya mai tsagaggen gilashi.

A can Bici ya koyo wani wasa na waya. Ana ba mutum ƙungiyar ƙwallon kwando ta wata jami'a a Amurka, ba ta gaske ba, 'yan wasan ma na'ura ce ta ƙirƙiro su. Kai ne mai horarwa. Ba ka taɓa ƙwallo. Aikinka ka zauna ka auna samari goma sha biyu, kowa da makinsa: tsawo, gudu, iya jifa, tare abokin hamayya, hangen fili, juriya. Ka zaɓi biyar da za su fara, ka tsara wa zai canji wa, sai na'ura ta buga wasan da ƙungiyar wani mutum a wata ƙasa, washegari ka ga sakamako. Da na fara jin labarin tsaki na yi. A garin da in ka ce kwando sai a miƙo maka na tumatir, wai ɗana ne ke horar da 'yan ƙwallon kwando.

Ni malamin firamare ne, shekara talatin ina shan ƙurar alli, kuma ina da wani hali: ba na iya wuce lissafin da ba daidai ba. Wata rana bayan la'asar na shigo zaure na tarar da shi ya ja layuka a littafin rubutu, sak irin na takardar makin jarrabawa, yana tara makin 'yan wasansa. Idona ya faɗa kan wani jeri.

"Kai, wannan tarin ba daidai ba ne. Ka ɓatar da goma."

Ya duba, ya yi murmushi. "Haka ne, Baba."

Na tsuguna don in nuna masa wurin kawai. Sai ga ni zaune a tabarma har aka kira magariba.

Daga ranar, kullum bayan la'asar muna zaure. Na samu ƙofar da al'ada ba ta rufe ba: ai ba hira nake da ɗan farina ba, zancen 'yan wasa muke. Ya koya mini cewa dogo ba ya isa shi kaɗai, sai da mai ba shi ƙwallo. Ya nuna mini yadda biyar masu matsakaicin maki, in sun dace da juna, suke kayar da biyar zaƙaƙurai da kowa ke son ya jefa. A nan na fara jin dariyarsa ta babban mutum. Ashe yana da zolaya, ashe yana kwaikwayon muryata in ina yi wa ɗalibai faɗa. Mahaifiyarsa takan leƙo ta ce, "Malam, yau kuma wace ƙasa kuka cinye?" Ina jin daɗin zaman nan fiye da duk wani zama da na taɓa yi, amma ban taɓa faɗa masa ba.

A cikin samarin akwai wani gajere siriri mai lamba huɗu. Hangen fili da iya miƙa ƙwallo babu kamarsa a ƙungiyar, amma makin juriyarsa abin tausayi ne. Minti goma sha biyar zai yi ya sare, dole a fitar da shi. Kullum lamba huɗun ne yaron nan yake sawa a sahun farko. Mu fara wasa da ci, a dawo daga hutun rabin lokaci a rama, a wuce mu. Sau uku a jere haka ta faru, ni kuwa ba na son a kayar da ni ko a wasan dara.

A unguwarmu ni nake tsara gayya. In za a taru a nome wa wani gona, ni nake cewa wane ya ja gaba, wane ya bi baya, kuma ina taƙama da cewa kallo ɗaya nake wa mutum in san inda ƙarfinsa zai ƙare. Da wannan idon na dubi lamba huɗu.

"Kai, mutumin da ba zai kai azahar a gona ba, ba a sa shi a gaba. Ci da shi kawai kake, ya tare gurbin wani. Sallame shi ka ɗauko mai ƙwari."

"Baba, in yana ciki sauran huɗun sun fi wasa. Duba makinsu."

"In yana ciki. To minti nawa yake yi a cikin?"

Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya ce, "To, Baba." Ɗan fari ba ya ja da ubansa. A gabana ya danna, ya sallami lamba huɗu, ya ɗauko wani ƙato mai juriya kamar san noma. Muka ci wasa huɗu a jere. Har a majalisa na ba da labari, ina cewa ilimin gayya ya yi aiki a Amurka.

Lokacin ana maimai ne, gero ya kai gwiwa. Wata safiya na fito sai na ga yaron nan da fartanya a kafaɗa, yana bayan ƙannensa. Na ce ya koma, ya ce lafiyarsa ƙalau. Ban matsa ba, don matsawar ma nuna kulawa ce, ga mutane a hanya. A gona na riƙa satar kallonsa. Hantsi ya yi, bai zauna ba. Hadari ya taso aka fara yayyafi, ƙaninsa ya ce ya je gindin darbejiya ya fake, ya ƙi. Sai da aka kira azahar ya ajiye fartanya, rigarsa sharkaf, leɓensa ya yi fari.

Da yamma ciwon ya tashi, wannan karon a ƙirji. Ina tsakar gida ina neman wanda zai kai mu asibiti, mahaifiyarsa ta tare ni. Ita da ta fi ni kunyarsa, ita da ko ruwa ba ta miƙa masa a gaban baƙi.

"Malam, ranar nan ina bayan zana ina tsince wake, na ji abin da ka faɗa wa yaron nan. Wanda ba zai kai azahar ba, ci da shi kawai ake. Ka ji kanka kuwa?"

Wallahi ban ji ba sai a lokacin. Ni ɗan wasa nake gani, shi kuwa bai taɓa jin ra'ayina a kan komai ba sai a zauren nan, don haka duk abin da na faɗa a wurin shi ne hukuncina. Na jingina da rumbu.

Kwana uku muka yi a asibiti. Ran na biyu da safe ya ɗan samu sauƙi, an sa masa robar iska a hanci. Ƙanena yana zaune a gefen gado, ga wasu masu jinya a ɗakin. Tun daga masallaci na shirya maganata. Zan ce masa ban taɓa ganinsa a matsayin nauyi ba, zan ce duk cikin 'ya'yana babu wanda nake alfahari da shi kamarsa. Na zauna, na buɗe baki, na dubi ƙanena, sai kunyar nan ta rinjaye ni.

"Kai, lamba huɗun nan," na ce, "na sake duba lissafin. Ni na yi kuskure. A dawo da shi."

Ya yi ɗan murmushi. "Baba, wanda aka sallama ba ya dawowa. Haka dokar wasan take."

Ya ja numfashi da ƙyar, ya juyo da idonsa kaina sosai, abin da bai saba yi ba.

"Baba, ranar nan ai na kai azahar, ko?"

Abin da ya kamata in ce shi ne ban taɓa buƙatar ya kai ba, ko minti goma sha biyar ya yi a kusa da ni ya ishe ni. Yana nan a bakina. Amma yana kallona yana jira, ga idon mutane.

"Ka kai," na ce.

Ya lumshe ido, fuskarsa ta saki kamar wanda aka sauke wa kaya. Washegari da hantsi ya cika.

Masu ta'aziyya sun ce kwana ne ya ƙare, kuma na yi imani da haka, ban taɓa ja da hukuncin Allah ba. Sai dai har yau zuciyata ba ta daina ciwo ba. Yabon da na taɓa yi wa ɗana ke nan a duniya, kalma biyu, kuma a kan abin da ya zama sanadin ajalinsa na yi masa shi.