Direban Kaji a Bakin Riyad

Duk wanda ya san wurin da manyan motoci ke jira a bayan Muzahmiyya, kan hanyar da ta taso daga Jidda, ya san Laouali ɗan Tasawa. Dogo ne siriri, kujerar mota ta ɗan ranƙwafar masa da baya, kuma ko a ƙasa yake tafiya sai ka ga yana waiwayen hagu da dama kamar mai duba madubi. Tirela yake ja mai firiji, shaƙe da kaji daskararru. Ya ɗauko su daga bakin teku ya kai Riyad, ya koma, ya sake ɗaukowa. Direbobi 'yan Sudan suna kiransa Abu Dajaj, wato uban kaji, shi kuwa naman kaza ya daɗe da fita ransa.

Mutanen gida in suka ji an ce wane yana Riyad, gani suke kullum yana yawo cikin dogayen benaye. Ina! Laouali ta baya ya san garin: ɗakunan ajiya, wurin awon mota, layin shan mai. Babbar mota ba ta shiga sai a lokacin da aka ware mata, wanda ya makara kuwa ya ja gefe ya gasu a rana har dare. Fasfonsa yana aljihun teburin mudir, shugaban ofishinsu, mutumin da in ka nemi hutu sai ya dafa ƙirji ya ce, "Bukra, insha Allah." Goben nan ta mudir har yau ba ta waye ba.

Matarsa Safiatou tana shara da goge-goge a wani asibitin haƙori a unguwar Ulaya, tana kwana a unguwar Ulaisha wurin yayanta Yacouba, direban tasi. Wai gari ɗaya suke zaune. Sai Laouali ya zo da warin dizal, ta tuƙa masa tuwo, kafin ya gama lashe hannu wayar mudir ta shigo. A hakan dai Allah ya ba su rabo.

Cikin fari ne, don haka kunya ba ta taɓa barin su ambace shi ba. Iyakarsa ya ce, "Yaya jikin?" ta sunkuyar da kai ta ce, "Da sauƙi." Da cikin ya fito fili, kamfanin da ya kawo ta ya sallame ta, aka buga mata bizar fita, irin wadda ba a dawowa da ita. Uwarta ma dama ta aiko cewa haihuwar fari a gida ake yi. Jirgi ya kama ranar Laraba gab da magariba, kuma babu wanda ya san ranar da Laouali zai sami fasfonsa ya bi ta. Abu ɗaya yake so a duniya: ya gan ta kafin ta tafi.

Mudir ya ce in ya sauke kaya da hantsin Laraba, ya je ya yi rakiyarsa. Laouali ya buga mata waya daga Jidda.

"Zan iso in raka ki."

"Kada ka takura kanka, Malam. Ka yi aikinka, ba komai."

Wanda bai san matanmu ba sai ya ɗauka da gaske ba komai ɗin.

Da ya tashi, a kan lokaci yake, har da rara. To, a hanya sai tunani ya ɗarsu masa: mace za ta je haihuwa daga ƙasar Makka, a ce babu ruwan Zamzam da za ta sha in naƙuda ta kama ta? Me surukai za su ce? Ya ratse kusa da Makka wurin wani ɗan garinsu, Sha'aban, wanda ba ya rasa jarkar Zamzam a ajiye. Sha'aban yana masallaci, aka jira shi. Da ya fito kuma aka shiga gaisuwa: ya gida, ya aiki, ya labarin damina a Tasawa, ka ji wane ya rasu? Aka kawo shayi, ƙin sha kuwa wulaƙanci ne. Laouali yana kurɓa yana kallon motarsa, bakinsa yana cewa, "Madalla." Gaisuwarmu ba ta da birki, kuma ranar ita ta cuce shi.

Sauran abin da ya rage firiji ya ƙarasa. Tun daga hawan Ɗa'if injinsa ya fara tari yana mutuwa. Laouali ya san makamarsa, shekara da shekaru suna tare: akwai wata waya da za ka danne da babban yatsa, ka doki murfin da tafin hannu, ka saurara, ka sake dannawa. Amma kowace mutuwa sai an tsaya, an hau, an lallashe shi.

Da ya iso bakin Riyad ranar Laraba, motar gabansa ta wuce, ɗan sanda ya ɗaga masa hannu.

"Mamnu'u," ya ce, wato an hana. "Sai bayan isha'i."

Ya sauko yana haɗa Larabci da Hausa. "Matata ce za ta tafi yau, wallahi yau jirginta."

Ɗan sandan ba mugu ba ne. Ya ce, "Allah ya kai ta lafiya. Ja gefe."

A wurin jiran ya tarar da Jibirilla, wani direba Basakkwace mai jigilar siminti. Jibirilla ya ji labari ya ce, "Haba ɗan'uwa, tafi abinka! Tari ƙaramar mota ka shiga gari, ni na riƙe ma kajinka."

Laouali ya nuna masa wayar injin da wurin dukan, ya saɓa jarkar a kafaɗa, ya nufi bakin titi. Bai kai ba ya ji firijin ya yi tari ya yi shiru. Ya tsaya yana kallon Jibirilla yana dannawa, yana duka, yana zagin wanda ya ƙera injin. Ko gezau. Rana kuwa ta raba tsaka, ƙarfen mota ba ya taɓuwa. In kajin nan suka narke, mudir zai rataya masa laifin, kuma wanda ke da shari'a a kansa ba ya fita ƙasar. Ba ranar suna ba, ko yaye sai dai ya ji a waya. Ya juyo, ya dire jarkar, ya hau. Taɓawa biyu injin ya tashi, kamar mai yi masa dariya.

Ya kira Yacouba. "Yaya, ko za ka biyo da ita ta nan?"

"Kai Laouali, kana yamma, filin jirgi yana arewa, ga cunkoso. In jirgin ya bar ta biza ta ƙare, ka san sauran."

"To ko Zamzam ɗin in ba wani ya kawo."

"Wane Zamzam? Ai ba sa barin a hau jirgi da irin jarkar nan."

Laouali ya daɗe yana kallon jarkar.

Rana ta yi ja lokacin da Safiatou ta kira. Yana jin hayaniyar filin jirgi a bayanta.

"Malam, ka ci abinci?"

"Na ci," ya ce, bai ci ba. "Safiya, ki yafe mini."

"Ba komai." Muryarta ta yi ƙasa har da ƙyar yake ji. "Tun safe yake motsi."

Shi ne karo na farko da ta ambace shi. Sai ta ƙara da cewa:

"In an tambaye ni sunan da za a raɗa masa, me zan ce?"

Ya buɗe baki ke nan, firijin ya mutu.

"Riƙe! Kada ki kashe, ina zuwa!"

Ya ajiye wayar kan kujera ya hau, ƙarfen ya ƙone masa tafin hannu. Ya danna, ya doka, ya saurara. Wannan karon injin ya ƙi, sai da ya ja masa rai sosai sannan ya tashi. Ya faɗo cikin mota ya ɗauki wayar, ta katse. Ya kira, aka ce a kashe take. Ya sake kira.

Suna dai ana iya faɗa gobe a waya, ya sani. Fuskarta ce bai gani ba, kuma bai san shekarar da zai gan ta ba. Ya kifa kai a kan sitiyari ya yi kuka irin wanda rabonsa da shi tun rasuwar ubansa. Jibirilla, da ya taho masa da shayi, ya hango shi ta gilashi ya juya da kofin.

Da aka buɗe hanya ya shiga Riyad da kajinsa, ko ɗaya bai narke ba, kuma duk faɗin garin babu mai jiransa.